Wai Hajiya Ba Ta Nan Ne?

Ni dai ban taɓa ɗaukar tuƙin tuwo a bakin komai ba. Ruwa ne da gari da muciya, sai ɗan ƙarfin damtse, wanda kuwa Allah ya hore mini. Shekara da shekaru ina daga kan tabarma ina yi wa girkin uwargida gyara: yau gishiri bai ji ba, gobe miya ta tsinke. Shi ya sa da ta tashi tafiya biki garinsu, ta ce za ta roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa aiko mana da abinci, sai raina ya sosu. Na ce ta tafi abinta, kafin ta dawo yara sun yi kumatu.

Bayan la'asar na ɗora sanwa. Ruwa na tafasa na juye garin masara gaba ɗaya, har da karkaɗe kwano. Ashe akwai wani abu wai shi talge: a dama gari kaɗan da ruwan sanyi, a zuba a tafasasshen ruwa, a bari ya dahu, sannan a riƙa zuba sauran garin kaɗan-kaɗan ana tuƙawa. Ni na ga wannan ɓata lokaci ne irin na mata. Nan take gudaji suka yi sallama, kowanne ka fasa shi ɗanyen gari ne fari fat a ciki. Na ƙara ruwa, ya koma kunu. Na ƙara gari, muciya ta tsaya ƙyam ta ƙi motsi. Haka muka yi ta ciniki da tukunya, ruwa, gari, ruwa, gari, har tuwon gida ɗaya ya zama na gidan suna, ni kuma singileti ta jiƙe sharkaf.

Miyar kuka kuwa na ce a nan zan fanshe. Na tuna ina ganin uwargida na jefa kanwa, amma ban taɓa lura da cewa ɗan mitsitsi take sakawa ba, sai na zaɓi dunƙule mai auki. Daddawa ta shiga ba daka. Na zuba gishiri da hannun mai kyauta, na bi shi da Maggi, na manta shi ma rabinsa gishirin ne. Ita kuka barbaɗa ta ake yi a hankali, ana kaɗawa da maburgi, wuta a rage. Ni cokali na cika na kifa, ta dunƙule tana yawo a saman ruwa. Ɗanɗanawa fa? Haba, gwani ba ya ɗanɗane.

Tuwo na son a rufe shi ya turara a kan wuta ƙasa-ƙasa. Na bar gas a ƙure na koma WhatsApp ina sanar da abokai cewa yau maza ne a madafa. Muryar maƙwabciya ce ta dawo da ni, ta kan katanga: "Baban yara, lafiya? Ƙauri nake ji." Na ce shara nake ƙonawa.

Da na kwashe, babbar 'yata ta dubi kwano ta ce azumi take yi. Bayan isha'i fa! Ana haka almajiri ya yi sallama, na ce alhamdu lillahi, ga wanda ya san darajar abinci. Na cika masa roba har tana zuba. Ko minti biyar ba a yi ba ya dawo, ya ajiye mini tuwona a bakin zaure cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, wai Hajiya ba ta nan ne?"

Teburin mai shayi ne ya rufa mana asiri a daren nan, ƙanzon tukunyar kuwa sai da ya kwana a jiƙe kafin ya saki. Washegari da kaina na aika wa maƙwabciya da kwanuka.

Ɗan'uwa, in ka ji uwargidana ta yi tafiya kuma kana son kawo mini ziyara, taho da burodinka.