Garantin da Bai Ƙetare Teku Ba

A Ojoo ta Ibadan kunne ba ya hutu. Nan babbar hanyar Legas take haɗuwa da ta Oyo da Ilorin, tireloli na huci, 'yan kamasho na ihu, mai shagon da ke jikin ɗakina kuma tun hantsi yake sakin Sikiru Ayinde Barrister. Na ce wallahi sai Shata ya rama mini. Kuma ba da 'yar rediyon da ake ratayawa a wuya ba, da amfilifaya ta gaske, wadda za ka ji kalangu har cikin haƙarƙari.

Na shiga mota sai kasuwar Alaba ta Legas. Wani mai shago a can ya nuna mini wata, ya ce tokumbo ce, daga Japan kai tsaye, ya sa na ɗaga na ji nauyi, don a wajensa nauyi shi ne inganci. Ya jona, ta yi ƙara mai daɗi. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata 'yar tiransifoma da bai ga dalilin gabatar da ita gare ni ba. Na tambayi garanti, ya miƙo kati mai jan hatimi, rubutun Japan daga sama har ƙasa. Na sa a aljihun gaba.

Da daddare na tara maƙwabta, aka dafa shayi, na yi bisimilla na jona. Shata bai ko buɗe baki ba. Sai "fat!", sai farin hayaƙi da warin ƙonannar roba. Wani ya tambaya ko haka take fara aiki.

Ashe wutar gidajen Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 230, ranar da ta ga dama ma ta ƙara. Na buga wa mai shagon Alaba waya. Ya ce, "Oga, ba a gabanka aka gwada ba?" Garantinsa a bakin ƙofar shago ya ƙare. Katin kuwa wani ɗalibin Jami'ar Ibadan ya haska shi da waya ya karanta mini: na shekara ɗaya ne, a cikin Japan kawai yake aiki, kuma ya mutu tun kafin a haifi yaron.

Na kwashi gawar na nufi Sabo, unguwar Hausawa, wajen kawuna, tsohon dillalin shanu. Bai ko kalli amfilifayar ba.

"Wa ya tsaya maka?"

Na nuna kati.

"Ɗan nan, wannan wane gida yake kwana?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Tun da aka kafa Sabo wajen 1916, bashi ake ba mahautan Yarabawa shanu, babu takarda ko ɗaya. Bafatake ya sauka gidan maigidansa, dillali ya san mahaucin da ke biya da wanda ke kwana da kuɗin mutane, in aka ci bashi maigida ne a ciki. Duk wannan ina zaune da amfilifaya a cinya, tana wari.

Ya haɗa ni da wani Baba mai gyara a Mokola. Baba ya kwance murfi, ya sunsuna, ya ce tiransifoma ta ƙone, kafasito biyu sun kumbura, amma fiyus lafiya lau, don wani ya riga ya maye gurbinsa da wayar ƙarfe. Zai sake naɗa tiransifomar da sabuwar tagulla ta ɗauki wutarmu. Yaushe? Gobe. Goben nan ta yi ta haihuwa, har wata Asabar na tarar da amfilifayata a ƙarƙashin rumfar biki, ana ta rawa. Baba ya ce gwaji ake yi.

Da ya miƙo mini ita, ya haɗa da kusoshi huɗu a leda, wai Japanawa sun cika ɓarna. Na ce, "Baba, garanti fa?"

Ya ce, "Kawunka ya san gidana. Amma kada ka murɗa ta wuce lamba uku."