Yadda Ɗan Burkusuma Zai Koyi Injin Sassaƙa Na Kwamfuta

Na ɗaya: ka sani injin nan ba ya da hankali. Maƙerin garinmu, ka ce masa hauya, ya san hauya. Shi kuwa injin CNC, wanda na je koyo a wani shagon sassaƙa ƙofofi a Kano, abin da ka rubuta shi yake bi, ko da rami ka nuna masa. G00, ruga ba yanka. G01, yanka a miƙe. M03, juya haƙori. Z kuwa sama da ƙasa ce, kuma a nan ake kuka.

Na biyu: rubuta G21 a layin farko, wato milimita. Wani bawan Allah ya bar injin a G20, wato inci, ya tafi cin abinci bai gaya wa kowa ba. Na rubuta 10, inji ya zarce milimita 254, ya keta ƙofar mutane, ya daki ƙarfen da ke riƙe katakon, haƙori ya karye ƙas! Maigida ya ce, "Yaro, tattara ɓaraguzan." Bawan Allahn nan ya dawo yana sakace.

Na uku: wuta. Ɗan'uwa, ka san zancen. Awa biyu inji na fitar da fure a jikin katako, saura ganye ɗaya, ɗif! Haƙori ya maƙale, inji ya manta inda sifilinsa yake. A tada janareta, babu mai. A samo mai, ƙurar hunturu ta toshe komai. A share ƙura, la'asar ta yi.

Na huɗu, ko na biyar ne, oho: ka dawo gida ka ci gaba da koyo a waya. Da wane sabis? Mu da aka katse wa layi a 2021, Sabon Birni da Isa gaba ɗaya, muna hawa tudu muna farautar layin Nijar! Mai bidiyon koyarwa a wayar kuma sai cewa yake, "Ka leƙa shagon kusa da kai." Shagon kusa da mu sai ka kama hanyar Goronyo zuwa Sakkwato, kana addu'a tun daga tasha.

Shawarwarin sun ƙare, haushi ya cinye su. Gobirawa suna sarrafa ƙarfe tun zamanin Alƙalawa. Lambobin nan ba za su gagare mu ba. A ba mu wuta, a ba mu sabis, a bar mu mu bi hanya lafiya. G21 ɗin, mu za mu rubuta abinmu.