Wasiƙa zuwa ga Littafi na Uku

Ina fatan kana lafiya, idan dai an haife ka.

Daga Kebbe nake rubuto maka, a madadin duk wanda yayanka, Littafi na Biyu, ya yi wa alkawari. A shafinsa na ƙarshe an ɗaura auren dole, amarya ta yanke jiki ta faɗi, sai aka ce mu haɗu da kai. Mun zo, ba ka zo ba. Har yau baiwar Allah nan tana kwance a tsakar gida, ba wanda ya yayyafa mata ruwa.

Duk mai zuwa Kano sai mun ba shi sautu. Ya duba Bata, ya leƙa Sabon Gari, ya dawo da amsa ɗaya: wai kana maɗaba'a. Haba malam, sarautar maɗaba'ar aka ba ka?

An ce ilhama ce ta ƙaurace wa marubuciyarka. Ban musa ba, amma na san yadda ake samun irinku. Marubuci da kuɗin aljihunsa yake bugawa, ya kai wa dillali bashi, cinikin na ɗaya da na biyu kuma shi ne kuɗin takardar na uku. Idan dillali ya yi ta cewa a dawo jibi, kwafi ɗaya kuma ya zaga unguwa har bangonsa ya cire, ilhama ma sai ta nemi wata sana'ar, ko ta koma rubuta fim. Ƙannenka na WhatsApp sun fi ka iya shege: shafi talatin kyauta, a tura kuɗi, daga nan waya ta faɗa ruwa.

Kada ka fake da Amurka. Na sani tun 2011 George R.R. Martin ya fitar da littafi na biyar a jerin labarinsa, masu karatunsa suna ta jiran na shida. Gafara sa ne, mu da su ba mu ga ƙaho ba. Amma Abubakar Imam tun kafin 1940 ya sauke Magana Jari Ce, ukun duka, ba kwamfuta, ba janareta.

In kuɗin takarda ne, faɗi nawa, mu yi karo-karo. Ka dai hanzarta, don wani malamin firamare a nan ya gaji, ya fara rubuta ka da biro. Na leƙa. Ya zuba kowa a mota ɗaya, har da liman, ya kifar da su tsakanin Tambuwal da Jega.

Naka,
Mai jira, Kebbe.