Ardo, An Kasa Bijimin Italiya a Gwanjo

Ardo bawana, yaya garke? Na san amsar da za ka bayar: "Ai 'yan karsana biyu ne suka rage." Tun kakanninmu Barebari muke jin wannan karatun daga bakinku, alhali ƙurar shanunku tana rufe rana.

To, miƙe ka ɗauki sandarka, na samo maka kara a ƙasar Turawa. Bijimin da ake kasawa a can sunansa Lamborghini Miura, kuma kafin ka ce ba ruwan Bafulatani da mota, leƙa tambarin da ke goshinta. Sa ne ya sunkuyar da kai zai yi tunkuyi. Sunan ma na wani gidan makiyaya ne a yankin Sabiya ta ƙasar Sifen, masu kiwon bijiman da ake wasan karo da su. Ka ga dai danginka ne, sai dai su nasu shanun suna da ƙiba.

Wanda ya kafa kamfanin, Ferruccio Lamborghini, tarakta yake ƙerawa kafin ya shiga harkar motoci a 1963. Ana ba da labarin cewa ya kai wa Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, ƙorafin kulocin motar da ya saya a wurinsa, shi kuma ya watsa masa ƙasa a ido, ya ce ya koma kan taraktocinsa. Zuciya ta ɗebe shi ya kafa nasa kamfanin a Sant'Agata Bolognese. Zuciya kam, Ardo, ba sai na yi maka bayani ba.

Wasu samarin injiniyoyinsa ne, Dallara da Stanzani da Bob Wallace, suka ɗauke inji daga gaba suka kwantar da shi a gicciye a bayan kujerar direba, yadda ake yi wa motocin tsere. Silinda 12, lita kusan 4. A 1965 aka nuna ƙashin motar tsirara a Turin, ko riga babu, mutane suka fara tayi. Marcello Gandini na gidan Bertone ya zana mata jiki, aka baje ta a Janiba a Maris ɗin 1966. Tsayinta daga ƙasa bai fi mita 1 da ɗan ɗoriya ba, fitilunta har da gashin ido kewaye da su. Kai da Allah ya yi ka dogo siriri, sai an naɗe ka uku kafin ka shiga, malafar kuwa a waje za ta kwana.

Kujera biyu ce kacal. Babu wurin inna, babu wurin ƙwaryar nono. Injin yana huci a ƙeyarka, gilashi kawai ya raba ku, ga zafi ga ƙara. Tankin mai kuma a gaba yake, don haka idan mai ya yi ƙasa kana tsula gudu, sai goshinta ya yi sakayau ya nemi tashi sama. Wannan ne ya fi tayar min da hankali a kanka, domin na san ba za ka taɓa cika tanki ba. Mai busa ƙahon nan na Amurka, Miles Davis, ya yi haɗari da tasa a 1972 ya karya ƙafafu biyu.

Amma abin da ya sa na ce taka ce, halin masu sayenta. Tsakanin 1966 da 1973 ba a ƙera 800 ba, samfurin ƙarshe mai suna SV kuwa kusan 150 ne. Masu tara irin waɗannan motoci ba don hawa suke saye ba. A kulle a ɗaki mai sanyi, a goge, a zo da safe a tsaya ana kallo, a ƙirga, a koma. Suna bin asalinta daki-daki: wa ya fara mallakarta, hannun wa da wa ta bi, injin da ke ciki shi ne wanda aka haife ta da shi ko an sauya. Wadda Shah na Iran ya taɓa riƙewa, ɗan fim Nicolas Cage ya saye ta a gwanjo a 1997, asalin nan aka biya. Yanzu gaya min tsakaninka da Allah, da mai Miura da ba ya hawa, da mai shanu ɗari da ke cin tuwo da miyar kuka lami, wa ya koya wa wani?

Cinikin ma ba zai yi maka baƙunta ba. Gidajen gwanjo irin su RM Sotheby's da Bonhams su ne dillalai. Mai kaya yakan yanke kuɗin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, in tayi bai kai nan ba sai a ce albarka, a mayar da ita gida. In ya kai, a buga guduma an sallama, mai saye ya ɗora la'ada wajen kashi 10 cikin ɗari a kai. A 2024 an sayar da wata SV a kan sama da dala miliyan 4. Kada ka suma tukuna, ka tono tukunyar nan da ka binne a ƙarƙashin bukka mu ƙirga.

Ni zan raka ka, tunda bawa ba ya tafiya ba ubangijinsa. Sharaɗi ɗaya: in mun shiga zauren, ka riƙe sandar nan a ƙasa. Can ɗaga hannu tayi ne, in ka ɗaga ta don korar ƙuda aka buga guduma, har 'yan karsanan nan biyu sai sun tafi.