Agogon Bronx a Zangon Tamale

A 1998 Yayana da ke Bronx ya aiko mini da ganga cike da kaya. Ƙarƙashin takalma da man shafawa sai ga injin buga hoto da agogonsa mai ƙidaya lokaci. Ranar nan duk Zangon Hausawa sai da aka san shagona na ɗaukar hoto ya tashi daga sahun 'yan ku-ci-ku-ba-mu.

Fulogin Amurka ƙafafunsa falle-falle ne, soket ɗinmu kuwa mai rami uku. Kafin in dawo daga alwala, yaron shagona ya yanke fulogin, ya cusa tsirarar waya ya tokare da tsinken ashana. Kwan injin, wanda aka yi don wuta bolt 120, ya sha 230. Tas! Hayaƙi ya tashi, yaro ya yi waje ba takalmi.

Na tafi kasuwar Aboabo na sayo sabon kwai da taransifoma mai rage wuta, komai ya kama aiki. Sai Sallah ta zo.

Wani Alhaji ya iso da farar babbar riga, aikin wuyanta kaɗai ya ci kuɗin saniya. Na ɗauke shi hoto, na shiga ɗakin duhu, na saita agogo minti 10, na tsoma fim a ruwan magani. Da hoton ya fito, aska takwas ɗin nan da aka yi wata uku ana ɗinkawa babu ita babu dalilinta, fari fat. Alhaji ya juya hoton, ya dube ni.

"Malam, riga na sa ko likkafani?"

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya warware mana. Ya ajiye agogon hannunsa kusa da nawa, muka zuba ido. Ya ce wutar Amurka sau 60 take kaɗawa a daƙiƙa, tamu ta Akosombo sau 50, kuma motar agogon da wannan kaɗawar take tafiya. Taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa, ba ruwanta da kaɗawa. Minti 10 na agogon Bronx, a Tamale minti 12 ne. Ga ruwan randa da zafin garin nan ya ɗumama, fim ya dahu har ya zarce.

Na buga wa Yaya waya ina kora bayani. Ya ce, "A nan dai lafiya lau yake aiki." Alhaji kuwa ya karɓi kuɗinsa, ya kuma tafi da hotunan, wai zai nuna wa telansa.