Masu Riƙe da Makullin Shafi

Tambayi duk mai kula da shafukan intanet na makarantu da ƙungiyoyi da kantuna, zai gaya maka ba masu kutse ne ke hana shi barci ba. Masu hana shi barci suna cikin ofis, suna da kalmar sirri, kuma kowannensu da kyakkyawar niyya yake zama gaban kwamfuta. WordPress, wadda aka fara a 2003 kuma a yau take ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, an yi ta ne don kowa ya iya sauya rubutu ba sai ya kira injiniya ba. To, kowan ya amsa gayyata.

Malam sakatare ba ya rubuta komai sai a Microsoft Word. Can zai ƙawata sanarwarsa, ya kwafo, ya liƙa. Abin da bai sani ba, rubutun ba shi kaɗai yake tahowa ba; da salon harufansa da girmansu da tazararsu yake zuwa, a ɓoye. Sai ka ga sakin layi ɗaya ya yi wa sauran shafin tawaye. In kuma salon da ya zaɓa ba shi da harufa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ su fito daban, wani sa'in ma su koma 'yan akwatuna. An nuna masa Ctrl da Shift da V, masu liƙa rubutu tsura, ya fi a ƙirga. Ya ce shi maɓalli biyu aka koya masa a makarantar tafireta.

Hajiya mai hotuna kuwa daga wayarta take lodawa kai tsaye, duk hotunan bikin yaye ɗalibai, har da wanda yatsanta ya rufe rabinsa. Kowanne megabait da yawa. Uban yaro mai 'yar data kaɗan ya buɗe shafin don duba ranar komawa makaranta, datarsa ta ƙare bai wuce hoton ƙofa ba. Ita ce kuma ke sa hoton tsaye a gurbin da aka tanada don na kwance, shugaban makaranta ya bayyana a saman shafi da babbar riga da hannuwa, babu kai. Rage girman hoto kafin lodawa aikin minti ɗaya ne, WordPress ma tana karɓar hotunan WebP marasa nauyi tun 2021. Hajiya ta ce rage hoto rage darajar taro ne.

Amma gwarzon gidan shi ne ɗan yayar oga. Ya yi kwas na wata uku, an ce ya iya kwamfuta, aka miƙa masa matsayin Administrator alhali Editor ya ishe shi. Mai matsayin Editor yana gyara rubutu son ransa amma hannunsa ba ya kaiwa ga ƙashin bayan shafi. Yaronmu ya kalli bidiyo a YouTube, ya buɗe fayil ɗin functions.php, ya liƙa layi biyar, ya goge waƙafi mai ruwa guda ɗaya ba da saninsa ba. Shafin gaba ɗaya ya ɗauke. Tun 2019 WordPress takan aika saƙon ceto ta imel idan haka ta faru, da mahaɗin shiga a gyara. Saƙon ya tafi kuwa, zuwa akwatin wani ɗan bautar ƙasa da ya kafa shafin ya koma garinsu shekaru uku da suka wuce. Ko ranar da gyaran yaron ya yi kyau ma, a kan ainihin rigar shafin, wato theme, ya yi shi, bai buɗe 'yar riga ta daban da ake ajiye irin wannan gyara a ciki ba. Sabuntawa ta farko ta share aikinsa kakaf, shi kuma ya ce hassada ce.

Akwai wanda ba ya iya ganin jar lambar nan mai cewa akwai sabuntawa ya kau da kai. Ranar Juma'a, ana gab da kiran salla, ya zaɓi duka ya danna, babu kwafin ajiya, babu gwadawa a shafin gwaji. Ya kashe waya ya tafi masallaci. Ƙaninsa shi ne mai gyara adireshin wani shafi na ciki don ya fi daɗin karantawa, bayan an riga an watsa tsohon a WhatsApp. Kowa ya danna sai 404, wato ba a sami shafin ba, don bai sa juyin 301 mai kai mutum sabon wuri ba.

Shi oga da kansa buƙatarsa ɗaya ce: a ƙara girman tambari. A babbar kwamfutarsa kawai yake dubawa, bai taɓa ganin yadda tambarin ke zaune a kan lambar waya kamar kaza a kan ƙwai ba, a 'yan wayoyin da abokan cinikinsa ke riƙewa.

Ina tausaya wa Malama mai tsoro. Sau ɗaya ta ga shafin ya lalace, ta rantse ba za ta ƙara taɓa shi ba. Har yau hoton rago da Barka da Sallah ne a fuskar shafin. Sau ɗaya a shekara dai ba wanda ya kai ta dacewa da lokaci.

Duk waɗannan kuwa, in abu ya ɓaci, bakinsu ɗaya: wallahi ban taɓa komai ba. Sun manta WordPress tana ajiye tarihin gyaran kowane rubutu, da suna da lokaci, ana ma iya mayar da na jiya da danna ɗaya. Ka buɗe ka juya allon.

"Ranka ya daɗe, ga sunanka nan, ƙarfe goma sha ɗaya na dare."

"Kai yaro, ai kalmar sirrina kowa ya san ta a ofishin nan."

Bai yi ƙarya ba. Tana rubuce a 'yar takarda manne a gefen allonsa, har mai kawo shayi ya haddace ta.