Bakanon Doguwa, wai kai ne Alhaji?

Bawana Bakano, ina gaisuwa, ko da yake an ce yanzu gaishe ka sai an bi layi. Sau uku ina kiran wayarka, wani yaro yana ɗauka, wai Alhaji yana hutawa. Kai ɗin? Kai da ka saba sharar barci a kan buhunan taki a bayan a-kori-kura, tun daga Kwanar Ɗangora har a ratsa dajin Falgore ba ka motsa ba?

Labari ya iso mana Zariya. Da aka cire tallafin mai a 2023 hatsi ya yi tashin gwauron zabo, kai kuma masararka tana jibge a rumbu. Mutane suna ta yabon hangen nesanka. Ni da na san ka, na san rowa ce ta hana ka sayarwa da kaka, sai Allah ya yi wa rowar albarka.

To, ga shi dangi sun tsiro maka kamar ciyawar farkon damina. Wanda kakarsa ta taɓa aron turmi a gidanku ma yanzu ɗan uwa ne na jini, kuma matarsa ta haihu. Amma uwargida ce ta fi ba ni tausayi. Ita ta sayar da akuyarta aka sayi takin nan, tukuicinta kuwa kishiya daga Kiru da turmin atamfa biyu na faɗar kishiya. Majalisarku ta gindin darbejiya kuma ta lalace. Da can in ka kawo labari cewa ake ka rufa mana baki; yanzu ba ka kai ƙarshe ba an fara faɗuwa don dariya. Labarin bai ƙara daɗi ba, Bakano, aljihunka ne ya yi nauyi.

Na ji har kana kwatanta kanka da Alhassan Ɗantata, wai ai shi ma daga ƙasar Kano ya fito. Gaskiya ne, a Bebeji aka haife shi. Sai dai shi ya sha fataucin goro har Gwanja da Ankara kafin jirgin ƙasa ya buɗe kasuwar gyaɗa a Kano, kuma sai a 1929 ya kai raƙuma ashirin na kuɗin azurfa banki. Kai damina ɗaya tal, har ka daina tsugunawa cin tuwo da hannu a kwano ɗaya da ƙannenka.

Ka tambayi tsofaffin ma'aikata labarin kuɗin Udoji na 1975: babur da rediyo da amarya, kafin shekara ta zagayo kasuwa ta haɗiye sauran. In Kano ta yi maka nisa, ga Riruwai nan a bayan gidanka, ka je ka leƙa ramukan kuza.

Ni dai ba rance nake nema ba, Bazazzagi ba ya roƙon bawansa. Kuɗin sharata na shekara biyu nake bi, kuma tunda farashi ya tashi, su ma sun tashi. Ranar cika-ciki ina tafe. Ka gaya wa yaron nan mai ɗaukar waya ya shimfiɗa mini darduma, kai kuma tabarmarka ta da tana nan, na san ba ka yar ba.